Umma a Kujerar Dama

Ranar Asabar Auta za ta ɗauki Ummanta a ƙaramin jirgin sama, su tsallake duwatsu zuwa garin da yayarta ta haihu. Lasisinta na tuƙin jirgi sabo ne fil, Umma kuwa ta gama shelanta wa dangi kaf. Shi ya sa ranar Alhamis Auta ta kawo ta makarantar tuƙin jirgi, don ta ɗanɗana tafiyar a cikin akwati tukuna.

Akwati shi ne sunan da ɗalibai suka laƙaba wa na'urar kwaikwayon tuƙi. Ɗan ɗaki ne mai kujeru biyu da sitiyari da agoguna birjik, yana motsi, allunan da ke kewaye da shi suna nuna sama da ƙasa kamar gaske. Mai kula da shi tsohon matuƙi ne da ake ce wa Baba Gajimare a bayan idonsa, don ba ya iya ganin sama garau a allunan bai ɓata ta da gajimare ba.

Ya gaida Umma, ya ɗaura mata bel a kujerar dama, sannan ya yi wa Auta tambayar da yake yi wa kowa: tuƙin ido ko tuƙin agogo? Na ido, mutum ya tashi ƙasa-ƙasa yana bin titi da kogi, sharaɗinsa kada ya shiga gajimare. Na agogo, ya haye can sama, hasumiyar filin jirgi na ba shi umarni, idonsa a kan alluran agoguna. Ya ƙara da cewa hasashen yanayi ya nuna wataƙila gajimare ya sauko kan duwatsu.

Auta ta ci jarrabawar duka biyun, amma ta agogo da ƙyar ta sha, kuma tun ranar ba ta sake waiwayar ta ba. Ga Umma tana cewa ita dai a nuna mata rufin gidaje. Auta ta zaɓi na ido, yadda ta shirya yi ranar Asabar.

Suka tashi lafiya. Umma sai nuna gonaki take yi tana dariya, har da neman a ɗan rage gudu. Da suka doshi duwatsu, kawunan duwatsun suka fara dushewa. Auta ta san abin da aka koya mata: ta juya. Amma ta hango wata 'yar kafa tsakanin duwatsu biyu, ta ce a ranta yanzun nan za ta wuce. Kafin ta kai, komai ya zama fari fat.

Ta dubi agoguna. Jikinta na ce mata jirgin a daidai yake, allura kuwa na nuna fiffiken hagu ya karkata ƙasa. Ta gaskata jikinta. Ta ja sitiyari don ta hau, sai gudu ya ƙaru, agogon tsayi ya shiga juyawa baya. Ta rasa allurar da za ta fara kallo. Ta san ɗaki ne kawai, ƙofa na bayanta. Amma ƙamshin turaren Umma na gaske ne, haka ma hannun da ta ɗora mata a gwiwa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Dutse ya bayyana a gabansu, baƙi ƙirin. Akwatin ya girgiza sau ɗaya, alluna suka mutu.

"Har mun iso?" in ji Umma. "Ikon Allah, ko gajiya ban yi ba. Allah ya yi miki albarka, Autata."

Al'adar Baba Gajimare ce, duk ɗalibin da ya faɗo sai ya leƙo ya ce masa Allah ya jiƙan rai, a yi ta dariya. Yau bai ce ba. Ya kwance wa Umma bel, ya yi mata sannu da hanya, ya saukar da ita a hankali.

Auta ta daɗe a zaune riƙe da sitiyarin. Tana jin Umma a waje ta kira yayar Auta a waya, tana ce mata su saurare su ranar Asabar, hannun Auta ba ya rawa ko kaɗan. Can ta kwance bel ɗinta, ta fito.

"Umma, Asabar a mota za mu je."

"A kan me? Ba ga shi kin kai ni lafiya ba?"

Auta ta matso kusa da ita. Ta karɓi jakar Umma ta rataya, ta riƙe hannunta gam har suka fita bakin titi.