Gangaren da Na Share wa Yaya

Yaya Halliru ne ya kafa dokar, shi ya sa ba ni da bakin ƙorafi. Duk wanda ya fara sauko da sabon gangare a kan keke mai taya ɗaya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, a gaban shaidu biyu, shi ke raɗa wa gangaren suna. A rubuta da fenti a jikin dutse, kuma ba a gogewa.

Mu mahauta ne kaka da kakanni a Garwa, amma Yaya tun yana saurayi ya ajiye wuƙa. Ya je neman aure wani gida a Yelwa, aka tarbe shi da fara'a, aka kawo masa ruwa, sannan aka aiko a bayansa cewa su ba sa haɗa zuri'a da mahauta. Bai ƙara taka mayanka ba, kuma ko da wasa ka kira shi ɗan mahauta sai kun yi sati ba ku gaisa ba. Ya koyi walda. Da hannunsa ya yanke gaban wani tsohon keke ya liƙa masa feda da sirdi, mutanen unguwa suka ce ya zautu. Bayan shekara uku mu bakwai ne ke bin sa dutsen Tingilin kowace Lahadi, muna gangarowa cikin tsakuwa muna kaɗa hannuwa kamar masu korar ƙuda.

Zazzaɓi ya ɗauke shi bara waccan, kwana huɗu kacal ya yi a kwance. Gangare goma sha ɗaya ke da suna a dutsen nan, shida shi ya buɗe su, amma duk sunayen barkwanci ya sa musu, su Karya Haƙori da Sannu Baba. Babu inda sunansa yake. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai na samo wani kwazazzabo ta gabas da babu wanda ya taɓa bi. Wata huɗu ina tashi daga teburin nama da la'asar in hau da adda da diga, ina sare ƙaya ina ture duwatsu. Saman gangaren da sauƙi. Matsalar tana ƙarshe, inda falalen dutse ke yankewa, sai ka dira tsawon ƙugu a kan tsakuwa mai santsi. A wurin na bar fatar gwiwoyina duka biyu. Na sayi gwangwanin fenti shuɗi na ɓoye a ƙarƙashin teburina, don shuɗi Yaya ke shafa wa kekunansa.

Yannick kan raka ni wani lokaci. Malamin wasanni ne a sakandare, siriri, ba shi da nauyi, kuma Yaya ne ya koya masa hawa. Ni na nuna masa sirrin wurin da bakina.

"Rage iskar tayar," na ce masa. "In ka zo bakin falalen kada ka kalli ƙasa, kalli tsamiyar can."

"Kai da ka san haka, me ya sa kullum kai ne a ƙasa?" ya tambaye ni yana dariya.

"Bari Sallah ta wuce, ka gani."

Ban gaya masa sunan da nake nufi ba. Ban gaya wa kowa ba. Ko yana raye ban taɓa kiran sunan Yaya a bainar jama'a ba, balle yanzu. Na raya a raina cewa ranar da na sauko zan buɗe gwangwanina in rubuta kawai, ba sai na furta ba. Na ɗauka duk mai ido ya san mutum ba ya share dutse wata huɗu don wani ya riga shi. Wauta ce, kuma tawa ce.

Ranar Babbar Sallah kowa na hutu a Garwa, ban da mahauci. Gida goma sha huɗu ke jira na in feɗe musu ragunan layya. Tun da aka sauko idi hadari ya haɗo ta gabas. Wayata ta yi ta kuka a aljihu, hannuna kuwa jini da kitse har gwiwar hannu, ban ɗaga ba. Sai bayan la'asar na wanke hannu a wani gida na duba.

Bidiyo ne. Ga gangarena, ga Yannick da hular kwano yana saukowa. Ya zo bakin falalen ya ɗaga kai ya kalli tsamiya, ya dira, tayar ta yi lilo ta miƙe. Ana jin muryar Chantal, ma'aikaciyar jinyar da ke hawa tare da mu, tana guɗa, Nicolas, wani abokin hawanmu, kuma na tafa hannu. Shaidu biyu cif. A ƙasan bidiyon Yannick ya rubuta cewa sun ga ruwa zai sauko ya wanke wahalata, sai suka ce gara wani ya hau kafin nan, kuma suna da albishir gare ni ranar Lahadi. Ruwan da suke tsoro bai zo ba sai bayan sati biyu.

Ranar Lahadi na hau da kekena a kafaɗa. Tun daga nesa na hango rubutun a jikin dutsen da ke ƙarƙashin falalen, da jan fenti, manyan baƙaƙe: LE BOUCHER. Mahauci.

Yannick ya rungume ni. "Don kai na sa, mon frère, ɗan'uwana. Kai ka share wurin, dole a tuna da kai."

Na tsaya ina kallon rubutun. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, don da na san abin da zan mayar masa.

"Kamilu, lafiya?" in ji Chantal. "Da akwai sunan da ka tanada ne?"

"Na Yaya."

Duk sun san labarin gidan Yelwa, Yaya ya taɓa ba su da kansa. Mantawa suka yi, don ba su abin ya ci ba.

"Mu goge," Yannick ya ce. "Akwai fetur a babur ɗina. Yanzu-yanzu mu goge, ka rubuta nasa."

"Ba a gogewa."

"Wa zai hana mu? Mu ne ƙungiyar."

"Shi ya ce ba a gogewa. Kana so in karya maganarsa don in rubuta sunansa a gangaren da kai ka buɗe?"

Na ɗauki kekena na hau sama, ba don ina so ba, sai don in na ci gaba da tsayuwa zan faɗi abin da ba ya gyaruwa. Na rage iskar tayar, na hau sirdi. Ƙafafuna suka yi ta birki da feda a cikin tsakuwa, na wuce ƙayoyin da na sare, na zo bakin falalen na kalli tsamiya. Na dira. Karo na farko cikin wata huɗu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Suka yi mini tafi, su shida. Na sauka daga keken daidai ƙarƙashin jan rubutun, ina haki, Nicolas ya ɗaga waya ya ce in tsaya a wurin ya ɗauke ni hoto da sunana.