Waken Zuliha

Isiyaku manomin tumatir ne a Kura, amma ba abin da yake ƙauna kamar gudu. A 1984 ya shiga tseren kilomita ashirin da ɗaya a Kano, da shekara ta zagayo kuma ya rantse sai ya rage lokacinsa. Ba shi da agogo, don haka suka shirya da matarsa Zuliha: yana fita ta ɗora wake, shi kuma ya bi bakin kanal ɗin ban ruwa ta wajen Bunkure, ya dawo kafin waken ya nuna.

Kullum waken ke riga shi. Ya ƙara sauri har cinyoyinsa suka yi tsami, amma sai ya tarar ta sauke tukunya tana zuba mai da yaji.

Ranar tsere ya dawo bakinsa har kunne, ya ce masu agogo sun tabbatar ya fi bara nesa ba kusa ba. "Sai dai waken nan naki har yau ya gagare ni."

Zuliha ta ci gaba da tankaɗenta tana murmushi. "Ai ba za ka taɓa kama shi ba, Malam. Duk sati ƙara masa kanwa nake yi."