Saƙon Inna a Cikin Bango

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu ƙafafuna ciwo suke yi kamar da gaske na yi tafiyar.

Sunana Hambali, sana'ata turi. Ina da teburi da kwamfuta a bakin tasha a Funtuwa, ina zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da karatu a waya. A mafarkin ma ina zaune a teburin, sai dai garin ba Funtuwa ba ne. Rana ce tsaka, tituna duk sun karkata hagu, mutane na tafiya da kafaɗa ɗaya a ƙasa. Inuwar kowa tana gabansa da taku goma, ita ke fara shiga shago ta yi ciniki kafin mai ita ya iso. Na duba wayata, babu sabis ko ɗigo. Na tambayi wani mai rake da ke gefena, ya ce ai sabis ya yi ritaya tun bara, yana kiwon kaji a bayan gari.

Sai ya miƙo mini gaɓar rake ba tare da ya dube ni ba. Da na ɓare, na tarar da takarda a naɗe a ciki. Rubutun yayana Rabe ne, na san shi, yana kwantar da haruffa kamar an tura su. Ga abin da ya rubuta: "Inna ta bar maka magana. Tana cikin bango. Ka ɗauka kafin la'asar."

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna mahaifiyarmu, shekara uku kuma ni da Yaya Rabe ba mu wuce gaisuwa ba. Ranar da jikinta ya tsananta a asibiti ya kira ni sau tara. Ina ganin kiran, wayar na kusa da hannuna. Amma akwai layin mutane a gabana, kuma na ɗauka faɗa zai yi mini don kwana biyu ban leƙa ba. Na kife wayar. Da na kira shi da yamma, an riga an yi mata wanka. Na ce wa kowa wayar ce ta lalace. Yaya Rabe dai kallona kawai ya yi.

Na ce da mai rake, "Wane bango?"

Ya ce, "Ka tambaya a Ofishin Sirri. Ka yi sauri kuma, da la'asar ake naɗe bangayen garin nan a kai wanki. Duk abin da ke ciki ruwa ke tafiya da shi."

Sai ga ni a ofishin. Wani zabo ne shugaba, yana zaune kan tarin fayiloli da tabarau a baki, ga lasifika a gabansa da ake ji har kasuwa. Na rusuna na yi ƙasa da murya na faɗi buƙatata. Ya saurara da kyau, sannan ya kunna lasifikar ya maimaita duk abin da na faɗa, har da sunan Inna da yawan kiran.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sirri ne."

Ya ce, "Shi ya sa na faɗa da ƙarfi. A nan ba a sauraron abin da aka faɗa da ƙarfi. Harkar bango kuwa ba tamu ba ce yanzu, ka nemi Hajiya Tabawa. Ta bar aiki da mu, ta koma yi wa gari ado."

Na same ta tsugune a gindin wata katanga, tsohuwa 'yar siririya, da kwanon sarki cike da siminti da cokalin gini a hannu. Ta fasa rami a katangar, ta cusa filasha irin wadda nake zuba fim a ciki, tana shafe ta da siminti, ɗan bakin ƙarfen kaɗai ta bari a waje. Kewaye da bakin ta zana wata babbar fulawa da shuɗi da ruwan ɗorawa. Da na ɗaga kai sai na ga duk layin haka yake, zane bayan zane, tsuntsaye da kwale-kwale da hannuwa, kowanne da ɗan bakin ƙarfe a tsakiya. Mutane sun jingina da katangu, sun jona wayoyinsu, kamar masu shan nono.

Ba ta juyo ba ta ce, "Shekara talatin na yi ina leƙen asiri, ɗan nan. A aikinmu mai ba da saƙo da mai karɓa ba sa haɗuwa. Ka ajiye a kogon itace, ko ƙarƙashin dutse, ka yi alama da alli a wani wuri, ka wuce abinka. Ni har cikin mushen ɓera na taɓa ɗinke takarda, don na san ba mai ɗauka. Da na ajiye aiki sai na ga dabara mai kyau haka, ba abin da muka yi da ita sai cutar mutane. Shi ne na fito da ita titi. Kowa ya zo ya zuba abin da yake da shi, ya kwashi abin da ya samu. Ba data, ba rajista, ba mai tambayar sunanka."

Na ce, "Hajiya, sauri nake yi. Wanne ne nawa?"

"Guda dubu da ɗari biyu na dasa. Ban san naka ba. Wanda ya ajiye maka zai yi alamar da ku biyu kaɗai kuka sani." Ta goge cokalin a bakin kwano. "Kada ka waiwaya, in kana son ganin bayanka ka dubi gilashin shago. Kada ka ɗauka sai ka ajiye. Kada kuma ka nemi ganin wanda ya ajiye. Ana binka ma tun ɗazu."

Alamar ba ta ba ni wahala ba. Muna yara, in na yi yawo na makara aka hana ni tuwo, Yaya Rabe yakan ɓoye mini nasa a bayan randa, ya zana kifi da gawayi a ƙofar zaure don in sani. Kifin nasa ido biyu yake yi masa a gefe ɗaya. Na kama hanya ina duba katangu.

A gilashin wani shagon tela na ga mai bina. Teburina ne, yana tafe da ƙafafunsa huɗu, kwamfuta na rawa a kansa, bayansa kuma layin masu turi, kowa da waya a miƙe. Ba sa gudu, ba sa kuma tsayawa. Na farkonsu yana cewa a hankali, "Malam Hambali, minti biyu kawai, waƙa goma." Na ji hannuna na son karɓar wayar. Na cusa shi a aljihu, na tsayar da adaidaita, na shiga ta dama na fita ta hagu. Direban ya ce mun iso, ya gode. Da na duba gilashinsa, teburin ya tsaya a mararraba yana juye-juye, layin ya bi shi suna zagaya wuri ɗaya.

Unguwar da na faɗa ban san ta ba. Rana ta fara karkata, ita ma hagu. Na ga wani zane mai kama da kifi na jona wayata, sai na ji wata mata tana bayanin yadda ake dambun zogale. Na gaba, sautin tarin wani tsoho ne, minti arba'in, an rubuta a kai cewa jikokinsa ne suka ajiye don kada su manta. Na gaba kuma taswirar gidan da wani ya yi niyyar ginawa bai samu ba, har da inda za a ɗaure akuya. Ko wanne na buɗe sai in ji kamar in zauna, amma ba lokaci.

Sai ruwa ya tsuge. Daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, mutane suka kife laimominsu suka tsaya a ciki. Ya shiga ta ƙafar wandona ya fita ta wuyan riga. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne alamomin alli na gindin katangu sun fara narkewa suna hawa. Na tuna Yaya Rabe yana ɗan shekara goma yake zana kifin nan, ba zai wuce tsayin ƙugu ba. Na daina duba sama, na sunkuya ina gudu ina bin gindin bango.

A wani lungu na gan shi, wutsiyar ta riga ta wanke, idanun biyu na nan. Katangar ba ta da wani zane, farar ƙasa ce kawai, ga bakin filashar kusa da ƙasa. Na durƙusa cikin ruwa na jona. Wayar ta rubuto: "Ajiye tukuna."

Wannan ai sana'ata ce. Na tura waƙa ɗari huɗu da fim goma sha biyu. Katangar ta yi gyatsa, ta amayo su ta indararo, suka zube a ƙasa kamar tsakuwa. Na tura karatu, shi ma ta dawo da shi, a hankali dai, cikin ladabi.

Hajiya Tabawa na zaune a kan katangar tana cin gyaɗa. Ta ce, "Kayan mutane kake ba ta. Ba ka da naka?"

Na duba wayar kaf. Shekara goma sha ɗaya ina turi, babu ko abu ɗaya da ni na yi. Daga bakin lungun na hango ma'aikata huɗu sun fara aiki, biyu na kama katanga ta nan, biyu ta can, su kakkaɓe ta su ninke kamar zanin gado su ɗora a baro. Saura gida uku su iso.

Na danna wurin ɗaukar murya, na kai wayar baki. Na ce, "Yaya, ni ne. Wayata ba ta lalace ba ranar nan. Na ga kiranka duk tara. Ni na kife ta da hannuna, don kada ka yi mini faɗa a gaban mutane. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata." Na tura. Katangar ta karɓa.

Fayil ɗaya ya fito. Na danna.

Da farko ƙarar fanka ce, da takalmin wani yana wucewa. Sai muryar Inna, ta yi ƙasa sosai amma ita ce. "Rabe, bar kiran nan haka, ka ishi yaro, nema yake yi. Wannan abin yana ɗauka? To. Hambali, in ka ji wannan, kada ka zauna kana cin ranka, na san halinka. Akwai daddawa a kwallar sama, ta matarka ce, a kai mata. Ka riƙa tashi daga kujerar nan kana miƙe ƙafa, bayanka zai lalace tun kana yaro. Kai da yayanka kuma, shi ba ya iya fara magana, kai ba ka iya tsayawa a yi ta. To ɗaya dai ya daure." Ta yi tari. Sai muryar Yaya Rabe can baya yana cewa, "Inna, bari in sake gwadawa sau ɗaya." Nan ya ƙare.

Na kifa goshina a katangar. Da ɗumi, kamar an jingina da ita ta ɗaya gefen. Sai na ji an yi gyaran murya a can.

Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Na ji naka."

"Ka daɗe a nan?"

"Tun safe. Na san wayarka lafiyarta ƙalau, Hambali. Washegari na ga kana amsa ta'aziyya da ita."

"Me ya sa ba ka ba ni maganar Inna ba?"

Ya ce, "Da farko haushi ne. Na ce sai ka faɗi gaskiya da bakinka. Da aka yi shekara sai na rasa yadda zan ce maka na riƙe maka abu irin wannan shekara guda. Kullum sai ya ƙara nauyi. Daddawar ma tana nan, ban taɓa ba."

Hajiya Tabawa ta sauko ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Ta ce, "Ka ɗauka, ka ajiye, sai ka tafi. Ba a haɗuwa. Mutum tara na yi aiki da su shekara talatin, ban san fuskar ko ɗaya ba, shi ya sa nake raye."

Na ce, "Kin taɓa son ganinsu?"

Ta ɗauki kwanonta ta ce, "Kullum." Ta bi ta cikin wata ƙofa da aka zana da alli, ta ja ta.

Ma'aikatan suka iso. Babbansu ya ce in matsa, na ce ba inda za ni. Ya ce to in riƙe musu gefe. Na kama gindin katangar, muka ɗaga tare, ba ta fi bargo nauyi ba. Ta ƙarƙashi na ga ƙafafun Yaya Rabe, silifa ɗaya shuɗi ɗaya ja, ruwa na hawa ta tsakanin yatsunsa. Ƙafafun suka ja baya taku ɗaya, suka tsaya, suka dawo. Katangar ta kai gwiwarsa, ta kai aljihun rigarsa inda yake soke biro. Na ga gemunsa, ya yi furfurar da ban san da ita ba. Sai katangar ta maƙale. Babban ma'aikacin ya ciro cokali ya hau kankare inda ta kama, ƙar, ƙar, ƙar, ni kuma ina ta turawa sama da dukkan ƙarfina.

Ƙar, ƙar, ƙar. Na buɗe ido, gari ya waye tas. Matata Ladidi ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunyar jiya. Ta ce in taso shayi zai huce. Na zauna bakin gado na ce, "Ladidi, har yanzu ƙarfe bakwai Yaya Rabe ke fita kasuwa?"

Ta daina kankarar.