Tabon Haskett

Da Orville Haskett ya yi ritaya daga cire haƙoran mutanen birnin Baltimore na Amurka, sai ya koma bautar wani kwabo. Kwabon gwaji ne na azurfa, irin wanda gwamnati ta buga tun zamanin kakanni don a ga fasalinsa, aka ce bai yi ba, aka watsar. Ko alewa bai taɓa saya ba. Biyu kacal suka rage a duniya.

Masu tantance ingancin irin waɗannan kuɗaɗe sun ba na Orville maki sittin da biyar cikin saba'in, suka rufe shi ruf a gidan roba. Abin da ke ci masa rai, ɗayan yana hannun Lyle Brubaker, wani dillalin motoci mai ƙaton tumbi, shi ma sittin da biyar. Orville kuwa burinsa ɗaya: ranar da zai kai nasa gwanjo a shelanta cewa ya fi na Lyle, a kira sunansa.

'Yan harkar suna da wata dabara ta marasa aikin yi. Ka fasa robar, ka sake aika kwabon kamar sabo, ko ka dace da mai tantancewar da ya ci ya ƙoshi ya ƙara maka maki ɗaya.

Matarsa Norma ta same shi da filaya a hannu.

"Orville, tsofai-tsofai da kai? Bar abin nan a gidansa."

"Ke dai haska min. Hannun nan ya cire haƙora sun fi gashin kanki yawa."

"Wannan hannun da ke zubar da miya a riga?"

Ya matsa. Robar ta tsage, bakin filayar ya zame, ya ja layi a kumatun hoton matar da ke jikin kwabon. Orville ya daɗe yana kallo, kamar kallon zai warkar da ita. Ya aika shi hakanan, masu tantancewa suka dawo masa da shi ba maki ko ɗaya.

Ranar gwanjo masu tayi suka yi ta kallon silin. Lyle kaɗai ya ɗaga hannu, da ƙyar, yana hamma, ya saye shi a wulaƙance.

"Likita, ba sonsa nake ba," ya ce a bakin ƙofa. "Gefen nawa zan ajiye shi, jama'a su ga bambanci."

Sunan dai Orville ya samu. Har yau duk inda aka ambaci kwabon, "mai tabon Haskett" ake cewa.