Allurar Cikin Zanin Gado

Ni na fara gani. Kafin nas, kafin likita, kafin mijinta da suke kwana ɗaki ɗaya, ni mai facin taya da ban taɓa zama a benci a gaban allo ba, ni na gani. Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗauke da ƙwayar ƙanjamau a jikina. Likitoci biyu daga cikin waɗanda suka ce ba zan ga wata damina ba, da ni aka raka su makwancinsu. Har gobe ni kaɗai nake kayar da tayar tirela in tsaya a kanta, ba na neman hannun kowa. Wanda ya yi irin wannan zama da ciwo ya san takunsa tun daga nesa.

Autata ce. 'Ya'yana uku, maza biyun sun yi nisa, sai a waya, ita ce a kusa. Tana aiki a ɗakin wanki na wani babban asibiti, su bakwai ke wanke zannuwan gado da rigunan marasa lafiya. Kullum in ta taso da la'asar sai ta biyo ta rumfata a bakin titi, ta zauna a kan tsohuwar tayar da na kwantar mata, ta tambaye ni ko na sha magani, ta yi mini faɗa a kan baƙin da ke cikin farcena. Ni kuma in ce mata da wannan baƙin aka yi mata kuɗin makaranta.

Ran nan ina danna tif ɗin taya a cikin bahon ruwa, sai na ga hannunta ya tafi ƙasan muƙamuƙinta, ta latsa, ta sauke. Ba a jima ba ta sake. Na miƙa mata ruwa a kofi, ta kurɓa, ta runtse ido kafin ya wuce.

Na ce, "Auta, tun yaushe kike laluben kaluluwa?"

"Mura ce, Baba."

"Mai mura hanci yake taɓawa. Ke wuya kike lalube, kamar mai neman abin da take tsoron samu. Ni aka yi wa wannan laluben, ni na ƙirƙiro shi."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ajiye tif, na goge hannu, na zuba mata ido. Tun tana rarrafe ba ta iya jure idona. Sai ta faɗa. Kwana goma sha shida da suka wuce tana warware wani zanin gado da aka kawo a dunƙule, allurar da wani ya manta a ciki ta soke ta a yatsa. Ba ta san daga gadon wa zanin ya fito ba. Safar hannunta ta yage tun da safe, ta cire ta ajiye, kuma a kan rashin safa aka taɓa sallamar wata. Saboda haka ta matse yatsan, ta wanke da sabulu, ta ja bakinta ta yi shiru. Yanzu kwana uku ke nan tana zazzaɓi, ga ciwon maƙogwaro.

"Amma ka kwantar da hankalinka," in ji ta. Ta zaro takarda daga jaka. "Shekaranjiya na je wani ɗakin gwaji, an soki yatsana. Layi ɗaya. Babu komai. Magana ta ƙare."

Na karɓi takardar. Ban iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta ba, amma hannuna ya gane ta.

"Ba ta ƙare ba," na ce. "Kin ga wannan tif ɗin? Akwai hudar da in ka tsoma a ruwa ba za ka ga kumfa ba, sai ka ƙara masa iska ka jira. Ruwan bai yi ƙarya ba, kai ne ka yi gaggawa."

"Baba, ni ba taya ba ce."

"Gobe da safe za ki raka ni karɓar magani."

Ta raka ni, don ba ta taɓa ce mini a'a ba. A inda nake karɓar magani akwai nas ɗin da muke kira Mai Gilashi, mun fi shekara goma sha biyar da ita. Tana ganina ta ce, "Tsohon ƙarfe, yau har da 'yar rakiya? Ko ka fara manta hanya?"

Na ce, "Ranar da zan manta hanya ke kin daɗe da ritaya. Ga 'yata, ki saurare ta."

Ta saurara har ƙarshe, ta cire gilashin ta goge. Ta ce da Auta ta zo cikin kwana uku na farko, akwai maganin da ake ba mutum ya sha wata guda don ya tare ƙwayar, amma wannan ya wuce. Ta ce gwajin yatsa ba ƙwayar yake gani ba, garkuwar da jiki ke tarawa yake gani, ita kuwa sai ta ɗauki makonni kafin ta taru. Ta dawo in an cika mako shida a ɗebi jini, in an cika wata uku a sake, wannan ne mai rufe magana.

"Kada ki tsorata, ƙanwata," in ji ta. "Sukar allura ba ta cika sa wa mutum ba, cikin ɗaruruwa da ƙyar a samu ɗaya. Zazzaɓi da ciwon wuya kuma kowa na yi, ba shaida ba ne. Amma kafin wata ukun nan, ki gaya wa maigidanki, ku yi amfani da kororon roba."

Aka gwada ta, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta magani. Wannan ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Muna komowa rumfa rana ta take tsaka, ta zauna a tayarta ta ce, "Ka ji dai. Sauro ne. Zan koma gwajin in na samu sarari, amma ba zan gaya masa ba."

Mijinta direban tirela ne, ya yi sati uku a hanya, jibi zai dawo.

"Za ki gaya masa."

"Baba, ka manta abin da danginsa suka ce lokacin aurenmu? 'Yar mai ciwon nan. Sai da aka gwada ni sau biyu a gaban yayarsa. Yanzu in buɗe baki in ce masa ya sa roba a ɗakinsa? Kafin magariba maganar ta kai gidansu. Cikin ɗaruruwa ɗaya, kai ma ka ji. Ga takarda, ga sauro. Ni ba zan rushe gidana a kan allura ba."

Kowane uba ya san nauyin irin wannan zance tsakaninsa da 'yarsa. Na yi lallashi, na yi tsawa, na kawo misalin mutane uku da na sani. Ta ce waɗancan duk yawo suka yi. Sannan ta ce, "Mu ƙaddara ce ta same mu tun farko. Inna jini aka ƙara mata, kai ka samu a wurinta. Abin da Allah ya rubuta ba roba ce za ta hana shi ba."

Wannan shi ne labarin da na ba 'ya'yana tun Auta tana shekara tara, ranar da muka dawo daga binne uwarsu. Na maimaita shi har ni kaina na kusa yarda. Wata mota ta tsaya, mai ita ya leƙo yana neman iska, na ɗaga masa hannu ya wuce.

Na ce, "Auta, ba jini ba ne."

Ta dube ni.

"An ƙara mata jini, gaskiya ne, lokacin ɓarin da ta yi. Amma jinin lafiyarsa ƙalau. Ni na kawo mata."

Na gaya mata duka, ban rage ba. Kina da shekara huɗu, na ce, na tafi aikin taya a wajen masu gina hanya, wata bakwai. Akwai wata mata a can. Bayan sati biyu da abin da ya faru na kwanta zazzaɓi, ƙuraje suka feso mini a ƙirji, wuyana ya kumbura. Tsoro ya kai ni asibiti. Aka gwada, aka ce ba a ga komai ba. Mutumin da ya ba ni takardar ya riƙe hannuna ya ce in dawo bayan wata uku, kafin nan kada in kusanci iyalina haka nan. Da harshen da nake ji ya faɗa, sau biyu. Ba rashin karatu ne ya cuce ni ba, na ji shi sarai. Na ce a raina ni ne fa, ƙarfe, wane ciwo. Kuma in na dawo gida da roba, me zan ce wa uwarki? Na ninke takardar na sa a aljihu, na hau mota.

Auta ba ta motsa ba. Ƙuda ya sauka a bayan hannunta, ba ta kore shi ba.

"Shekara uku bayan nan ta fara rama. Aka gwada mu, mu biyu. Lokacin magani sai mai hali, da ya iso gare mu ita ta riga ta yi nisa. Ni jikina ya karɓa, nata bai karɓa ba."

"Ta sani?"

"Ta sani."

"Ta san an ce ka koma ba ka koma ba?"

"Na gaya mata. Ita ce ta ce a ce jini ne. Ta ce yara za su rasa uwa, kada su rasa uba."

Ta mai da idonta kan bahon ruwa. Da ta yi magana, muryarta a kwance take, ko rawa ba ta yi.

"Ni nake juya ta a kan tabarma. Ina shekara takwas. Kai kana nan kana faci."

"Haka ne."

"Duk shekarun nan ina jin haushin asibitin da ya ƙara mata jini. Har na shiga aikin asibiti ina jin haushinsa."

Ta tashi, ta karkaɗe zaninta, ta rataya jaka. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ka sha maganinka," ta tsallaka titi.

Ta gaya wa mijin ranar da ya dawo. Na sani domin bayan kwana biyu ya zo rumfata yana gara wata taya, ya ce tana sace iska. Na duba ta ciki da waje, lafiyarta lau. Ya tsuguna yana wasa da makulli ya ce, "Baba, ta faɗa mini. Ni zan riƙa kai ta gwajin. Gidanmu ba wanda zai ji." Na raina yaron nan lokacin da ya zo neman aure, na ce wuyansa kamar na zakara. Na janye maganar.

Mako shida ya cika, ya zo da wata tayar ya ce an ɗebi jininta, babu komai. Sauran makonnin na ƙirga su da ƙwayoyin maganina, kowace safiya ɗaya. Ranar da wata uku ya cika ban kunna injin iska ba, na zauna ina kallon hanya. Wajen azahar ya iso, wannan karon ko tayar bai ɗauko ba.

"Layi ɗaya, Baba. Mai Gilashi ta ce an rufe magana."

Na yi hamdala. Na ce, "Ita fa?"

Ya sosa ƙeya. "Tana gaishe ka."

"Kai yaro, na girmi ubanka. Ta ce a gaishe ni?"

Ya sunkuyar da kai. "A ba ta lokaci, Baba."

Wata bakwai ke nan ina ba ta. Ta canza hanyar dawowa daga aiki, yanzu ta bayan kasuwa take bi. Yayyenta sun daina kira, na san ta gaya musu, kuma hakkinsu ne su sani. Masu shaguna a layinmu suna cewa tsufa ya fara kama ni, wai na rage surutu. Wani mai gyaran birki da na buɗe wa cikina har cewa ya yi ai tunda ba ta ɗauka ba, da na yi shiru da yanzu tana nan zaune kusa da ni, na yi asarar 'ya a banza. Na ce masa shi ya san hakan ne yau, bayan an buɗe takarda. Ni ranar nan ba ni da takardar wata uku a hannu, abin da nake da shi mutum ne zai dawo jibi, da yarinya mai taurin kai irin na ubanta.

Na tayar da motocin da aka yi watsi da su, na ga bayan ciwon da ya kwashe sa'o'ina kaf, amma ban taɓa ɗaga abu mai nauyin maganar nan ba, kuma ni kaɗai na ɗaga ta. Duk wanda yake ganin cika baki nake yi, ba sai ya zo rumfata ba. Kowa yana da tasa a binne. Ya kira 'yarsa yau, wadda ya fi so, ya zaunar da ita da rana tsaka, ya dubi idonta ya tono mata. In ya iya, ya zo ya ƙaryata ni.