Ruwa Ba Ya Kwana a Daɓensa

Maigidana mai aikin tayil ne, kuma tun da na san shi abin alfaharinsa ɗaya ne: ruwa ba ya kwana a daɓen da ya yi. In muka je gidan mutane, kafin a gama gaisawa ya fara gogar ƙasa da tafin ƙafa yana laluben inda magini ya yi ha'inci. Filin da ke bayan ɗakunanmu shi ya daɓe shi da hannunsa, ya ba shi gangare mai kyau daga ƙofar kicin har zuwa magudana. Ko ruwa kofi ɗaya ka zubar, kafin ka juya ya kama hanya.

'Yarmu ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, hutu kuma ba ya samuwa gare ta. 'Ya'yanta biyu, namiji da ya fara makaranta da 'yar ƙaramar da bakinta bai daɗe da buɗewa ba. Ni na kan je in yi musu kwanaki, shi kuwa kullum aiki ya hana. In an miƙa masa waya su gaisa, daga "kuna lafiya" sai ya rasa ta cewa ya miƙo mini. Abin yana cinsa, na sani, domin na sha kama shi yana kallon hotonsu. Da 'yarmu ta ce za ta kawo su su kwana, washegari da yamma ta dawo ta ɗauke su, sai ya shiga kasuwa ya dawo da wani ƙaton kwali. Kwamin wanka ne na roba, irin wanda ake hurawa a cika da ruwa. Ya ce so yake yaran nan in sun koma su riƙa cewa a kai su gidan Kakan da ya yi musu wurin iyo.

Sun iso yana wurin aiki, kafin ya dawo gajiyar mota ta kwantar da su. Da safe kuwa ko karyawa bai yi ba ya sa kayan aikinsa masu tabon siminti ya fita baya. Ya hura kwamin da famfon keke, ya sa tiyo. Yaran suka fito da gajerun wanduna, 'yar ƙaramar ta yafa tawul a wuya tana tsalle a ƙofar kicin.

Ruwa ya taru duk a gefe ɗaya. Ta wajen magudana bangon robar ya kumbura kamar cikin wanda ya ƙoshi, ta wajen kicin kuwa ko idon sawu bai rufe ba. Muna kallo bangon ya lanƙwashe, ruwan ya kwararo gaba ɗaya ya tafi da takalmina ƙafa ɗaya.

Na ce masa ya zuba kaɗan kawai, iya gwiwar yarinyar, su shiga su yi ta facal-facal, yaro ina ruwansa da daidai. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi bai taɓa miƙa aiki a karkace ba, ba kuma zai fara a kan jikokinsa ba. Ya ɗauki baro ya nufi tarin yashin da ke ƙofar gida.

Daga nan filin ya koma wurin gini. Ya jera bulo ta ƙasa, ya zuba yashi, ya dandaƙe, ya ja katako a kai, ya ɗora lebur, wato ma'aunin nan mai ɗigon iska a cikin gilashi. Namijin ya matso yana tambayar mene ne wannan, ya ce masa ya ja baya kada ya taka. 'Yar ƙaramar ta ciko kofin wasanta da yashi ta kawo masa taimako, bai ko ɗago kai ba ya ce a ɗauke yarinyar nan kada shebur ya same ta. Na ɗauke ta, raina yana tafasa.

Sai da rana ta take ya shimfiɗa tamfol ya mai da kwamin ya buɗe tiyo. Muka tsaya muna jira. Ruwan ya hau a hankali, ya hau, sannan ya soma jinginawa gefen magudana. Bai kai na farko ba, amma ko makaho ya shafa ya san a karkace yake.

Ya durƙusa ya sake ɗora lebur a gefen yashin ya daɗe yana kallo. Ni ma na leƙa. Ɗigon iskar bai zauna a tsakiya ba, ya ɗan taɓa layi. Ashe haka ya saba ajiye shi duk tsawon rayuwarsa, domin haka ake ba daɓe gangare, har idonsa ya ɗauki hakan a matsayin daidai. Hannunsa ya yi abin da ya iya ba tare da ya shawarce shi ba. Da wata rana ce da na yi dariya har na riƙe ciki, amma ranar haushi ya hana ni.

Na ce, "Malam, don Allah ka bar shi haka. Yaran nan yau za su tafi."

Ya ce, "In ya kife da yarinya a ciki fa? Yanzu zan gyara."

Ya cire toshiyar kwamin ya zubar da ruwan. Wannan yanzun nasa na san shi, shi ne ya sa kicin ɗina ya shekara babu ƙyaure. Namijin ya gaji ya cire gajeren wandon ya koma ɗaki ya kwanta da wayata. 'Yar ƙaramar ta ƙi cire nata. Ta ci abinci da tawul a wuya, ta yi barcin rana da shi, ta farka ta koma ƙofar kicin ta zauna ta tallafe haɓa tana kallon bayan mutumin da ke jan katako a kan yashi. Na kira shi cin abinci ya ce in rufe masa. Na ce ya zo ko wasa ya yi da amaryarsa, ga ta ta zuba masa ido tun safe, ya ce in an gama ai za su yi wasan su more.

Karo na uku ya fita daidai, ba zan yi masa ƙarya ba. Ɗigon ya zauna a tsakiya cif. Sai dai da ya buɗe tiyo, tari kawai tiyon ya yi ya tofo iska. Tankinmu ya ƙare, duk ruwan ya bi magudana. Ya ɗauki bokitai ya shiga maƙwabta. Mutum mai ciwon baya, yana kai da komowa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, siminti da yashi sun manne masa har gira. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na ɗauki bokiti na bi shi, ina tafe ina mita.

Ruwan ya kai kamar rabin taƙi muka ji hon ɗin mota a ƙofar gida. 'Yarmu ta shigo a gaggauce, ta ce da sassafe take da aiki kuma ba ta son dare ya yi mata a hanya. Maigidana ya roƙe ta ta ɗan jira, ko shiga ɗaya yarinyar ta yi. Ta taɓa ruwan ta ce ya yi sanyi, ga rana ta yi ƙasa, yarinyar kuma ba ta daɗe da warkewa daga mura ba. Gaskiyarta ce. Na cire wa 'yar ƙaramar tawul na sa mata riga, ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

A bakin mota namijin ya gai da kakan nasa sama-sama ya shige. 'Yar ƙaramar ta rungume ƙafata, sannan ta leƙa ta dubi maigidana da ke tsaye da bokiti a hannu. Ta ja zanena ta ce, "Kaka, mai gyaran nan gobe ma zai zo?"

Uwar ta yi 'yar dariyar kunya ta ce, "Ke, ai Kakanki ne, babana."

Yarinyar ta ƙara dubansa tun daga sama har ƙasa ta girgiza kai. Ya ajiye bokitin ya goge hannuwansa a wando, ya durƙusa ya miƙa mata su. Ta zagaya ta ɓuya a bayan uwarta, a haka aka sa ta a mota. Ban taɓa ganin mutumin nan ya rasa inda zai sa hannuwansa ba sai ranar.