Koren Tayil a Falon Sadiqa

Tun ranar da aka kai Sadiqa ɗakin Shafi'i a gidan haya suke zaune, ciki da falo a tsakiyar Kazaure, banɗaki ɗaya su da maƙwabta. A nan ta haifi Zara, a nan ta haifi Hussain. Ita malamar firamare ce, shi kuma yana aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma. Da kaɗan-kaɗan suka sayi fili a bakin gari ta hanyar Roni, bana a buga bulo, baɗi a tsaya, har Allah ya sa aka yi rufi, aka yi filasta. Ranar da magina suka kwashe kayansu Shafi'i ya ce mata:

"Maman Zara, ni na yi nawa, gini ya tashi. Sauran ado ne, su tayil da fenti da sili. Wannan kuma naki ne. Abin da kika nuna shi za a sa."

Ba ƙaramin daɗi maganar ta yi mata ba. Macen da ta daɗe tana shimfiɗa leda a kan fasasshen siminti, yau ita ake ce wa ta zaɓa! Ta yi zarya shagon Alhaji Mele mai kayan gini har yaran shagon suka haddace muryarta. Ta ɗaga wannan, ta ajiye wancan, a ƙarshe ranta ya kwanta da wani tayil ruwan ƙasa mai haske, kamar soyayyiyar gyaɗa, wanda ba ya nuna datti. Alhaji Mele ya ba ta guda ɗaya ta tafi da shi. Da shi ta je wajen tela ta zaɓi yadin labule ruwan goro don su dace.

Ana cikin haka ƙanwarta Fatu ta haihu a Gwiwa, haihuwar ta zo da wahala. Da yake makarantu na hutu, Sadiqa ta kwashi yara ta tafi jinya. Ta daɗe fiye da yadda ta yi niyya. Duk sanda suka yi waya Shafi'i sai ya ce, "Ke dai ki dawo, akwai abin da zan nuna miki." Daga muryarsa ta san yana murmushi.

Ranar da suka sauka a tasha, ajiye yara kawai ya yi a gida, ya ɗauke ta a babur zuwa ginin. Ya buɗe ƙofar falo da kansa, ya matsa gefe.

"Bismillah, uwargida."

Sadiqa ta sa ƙafa ɗaya ta tsaya. Daga bakin ƙofa har ƙuryar falo tayil ne shimfiɗe, an jera shi sumul, ba inda ya karkace. Amma kore ne. Kore kamar miyar kuka.

"Abban Zara, mene ne wannan?"

"Zaɓinki mana. Irin naki ya ƙare a shago, sai na samo ɗan'uwansa. Ai har ya fi wancan kauri."

"Ɗan'uwansa? Wannan?"

"Kala ɗaya ce, sai dai ya ɗan fi duhu."

Ta dube shi ta ga ko wasa yake yi. Fuskarsa cike take da murna, yana jiran yabo. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da ya ce ya yi kuskure, ko ya ce koren ya fi burge shi, da da sauƙi. Amma ya tsaya a gabanta yana kiran kore ruwan ƙasa, sai ka ce ita ce ba ta da ido. Nan take zuciyarta ta raya mata Yaya Dela, yayar Shafi'i, wadda daga bangon gidanta har kwanukan cin abincinta duk kore ne. Wato da ta ba da baya aka kira Yaya Dela ta zo ta zaɓa.

"Mai da ni gida," kawai ta ce.

Kwanaki suka yi ba ta cewa komai sai gaisuwa da "ga abinci". Labulen da tela ya kawo ta cusa shi ƙasan akwati. Shafi'i kuwa duk ya rame a tsaye. Ya rantse mata Yaya Dela ko ginin ba ta taka ba. Ya ɗauko gudan tayil ɗin nata ya yi ta juya shi a rana, yana cewa shi fa bai ga abin faɗa ba. Ganin abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya roƙe ta su je shagon tare, ko cutar sa aka yi.

Alhaji Mele ya saurare su har suka gama, sannan ya gyara zama.

"Malama, ni ban cuci kowa ba. Naki ya ƙare, na ce masa ya jira mota ta zo daga Kano. Ya zaga ya ɗauko wannan ya ce iri ɗaya ne. Na ce, Malam Shafi'i, wannan fa kore ne. Ya yi dariya, ya zaci zolayar sa nake yi. To mai saye ba a ja da shi."

Sai Sadiqa ta miƙa hannu kan teburi ta ɗauko takardar kalolin fenti, ta ɗora yatsa a kan ruwan ƙasa, ta ɗora wani a kan kore.

"Abban Zara, don girman Allah, waɗannan biyun me ka gani?"

Ya sunkuya, ya ƙura ido, ya kai takardar bakin ƙofa wajen haske. Ya daɗe.

"Wannan ya fi wannan haske," ya ce a hankali. "Ba shi ke nan ba?"

Da ya ɗago ya ga yadda ita da Alhaji Mele suke kallon sa, sai murmushin ya gudu daga fuskarsa. Abubuwa suka riƙa faɗo wa Sadiqa a rai: tumatirin da yake sayowa rabinsa ɗanye, ta yi ta mita a kan rashin kularsa; yadda ba ya sayen mangwaro sai ya latsa ya shinshina; yadda kullum yake tambayar ta wace hula zai sa, ita kuma tana ɗauka shagwaɓa ce ta maza.

Ƙawarta Nafisat tana aiki a sashen ido a asibiti. Washegari suka je. Nafisat ta buɗe masa wani littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, ta ce ya karanta lambar da ke ciki. Sadiqa tana daga bayansa tana ganin lambobin ɓaro-ɓaro, shi kuwa a yawancin shafukan ɗige-ɗige kawai yake gani.

"Ba ciwo ba ne, Malam," in ji Nafisat. "Haka aka haife ka. Idonka lafiya lau yake, ja da kore da ruwan ƙasa ne suke haɗe maka. Maza da yawa haka suke ba su sani ba. Galibi ta wajen uwa ake gadon sa."

Da suka kai labarin wa mahaifiyarsa, Hajiya Kaltume, sai ta tafa hannu.

"Ashiru! Ƙanena Ashiru na Babura, Allah ya jiƙan sa. Haka ya yi ta shan tsiya a kasuwa, ya sayo jan yadi ya ce kore ne. Mu mun ɗauka taurin kai ne." Ta dubi ɗanta, idonta ya ciko. "Kai ma kana aji biyu malaminku ya zane ka don ka yi wa ganyen bishiya jan fenti. Ka zo kana kuka, ni kuma na ƙara maka da faɗa."

A hanyar komawa, da suka kusa gida, Shafi'i ya ce:

"Gobe zan kira mai tayil ya fasa shi. Ko zai kai mu wata shekara, naki za a sa."

"Wallahi ba mai fasa min tayil," in ji Sadiqa. "Ka tafi ka sayo, ka tsaya a kan aikin, duk don in yi murna. Labule ne dai, Fatu tana so, sai in ba ta."

Haka aka yi. Ta zaɓi fenti ruwan madara, ta sake labule fari mai ratsin kore, sai ga falon ya yi wani sanyi a ido wanda ita kanta ba ta zata ba. Sauran aikin tare suka yi shi. In an zo kala, ita ce. In an zo ƙarko, shi ne: ya shafa tayil ɗin banɗaki da jiƙaƙƙen hannu ya ƙi mai santsi saboda yara da Hajiya, ya ƙwanƙwasa ƙofofi ya ware ta ƙwarai, ya ce a bar sili mai ado sai gaba, a fara sa raga a tagogi saboda sauro.

Sun tare da damina. Aka yi 'yar walima, maƙwabta suka shigo suka yi addu'a, Yaya Dela ta zaga falon tana sa albarka, tana tambayar inda aka sayi tayil. Bayan la'asar mutane suka watse. Sadiqa tana jera kaya a sif Shafi'i ya shigo ya jingina da ƙofa, ya nuna wata tsohuwar atamfa a hannunta.

"Wannan ba ita na saya miki ba a sallarmu ta farko?"

"Ita ce."

"Wace kala ce?"

Ta danne dariya. "Ja da kore, Abban Zara. Jan kamar attaruhu, koren kamar ɗanyen barkono. Ranar da na sa ta har Fatu ta ce na yi kama da tiren mai kayan miya."

Ya dafe kai. "Ni fa a zatona mai natsuwa na zaɓo miki. Kuma kika sa?"

"Har ta koɗe," ta ce, ta ninke ta, ta ɗora a sama.